Gidan Malamin Fada: Daga Katmandu Zuwa Gidaɗawa da Bogo

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne a garin Bogo, kusa da Marwa a arewacin Kamaru. Na ji cewa a ƙasashen Hindu akwai malaman fada da sarakuna ke ɗaukaka, har bayan rasuwarsu a mai da gidajensu da littattafansu abin tarihi. Shin mu ma muna da irin wannan a ƙasashenmu? Idan akwai, me ya kamata mu yi da tsofaffin gidajen modibbai da muke gani suna rushewa a gabanmu?

AMSA: Abin da ka ji gaskiya ne. A da, a fadojin Indiya da Nefal akwai muƙamin da ake kira Rajguru, wato malamin sarki, wanda ke jagorantar ibadun fada, ya karantar da 'ya'yan sarauta, ya kuma ba sarki shawara. Fitaccen misali shi ne Hem Raj Pande na birnin Katmandu, masanin harshen Sanskirit wanda ya rubuta nahawun harshen Nefal, ya kuma tara dubban littattafan rubutun hannu a gidansa. Bayan rasuwarsa gwamnati ta sayi wannan taska, da ita aka kafa babban ɗakin karatu na ƙasar a 1957. A can, wannan muƙami na 'yan ajin Barahmin ne, da haihuwa ake samunsa. A Musulunci babu wani aji da aka keɓe wa malanta, duk wanda ya yi karatu ya kai. Amma muna da gidajen da ilimi da hidimar fada suka zauna a cikinsu shekara da shekaru, ɗa ya gaji uba, jika ya gaji kaka.

Idan ka ce in nuna maka gida ɗaya, to gidan Waziri ne da ke unguwar Gidaɗawa a Sakkwato. Unguwar ta samo sunanta daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama wazirinsa bayan Bello ya hau gadon sarauta a 1817. Giɗaɗo ne mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ka ga ke nan a gida guda aka haɗa mai riƙe da wasiƙun daula da kuma malamar da ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji mata su bi ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Shi kansa Giɗaɗo marubuci ne. Littafinsa Raudul Jinan yana cikin madogaran farko a kan rayuwar Shehu, ya kuma rubuta wani a kan Bello. Baƙin nesa ma a hannunsa suke sauka: Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya karɓe shi ya kula da shi.

Wannan gida ya shafe ku kai tsaye, ku mutanen Bogo. A zamanin Daular Sakkwato, Waziri ne ƙofar masarautun gabas, irin su Kano da Zazzau da Adamawa. Lamidojin Fombina, wato ƙasar Adamawa, har da na yankin Marwa da Garwa, suna ƙarƙashin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, ita kuma Yola tana bin Sakkwato. Saboda haka saƙon da ya tashi daga ƙasarku zuwa ga Sarkin Musulmi, ta hannun Waziri yake bi. Wanda ke son sanin tarihin Fombina ba zai tsallake Gidaɗawa ba.

Gwaji mafi tsanani ya zo wa gidan a watan Maris na 1903, lokacin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas. Waziri Buhari, jikan Giɗaɗo, ya tsaya tare da jama'ar da ba su da ikon tafiya, bayan ya shawarci malamai. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana hujjojinsa. Tsayuwar nan tasa tana cikin dalilan da suka sa takardun gidan ba su watse a hanya ba.

Ɗan Buhari, Waziri Junaidu, an haife shi a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1997. Mawaƙi ne a Larabci, masanin Fulfulde, marubucin Tarihin Fulani da Hausa. Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne bai kulle taskar gidan ba. Masanin tarihi Murray Last ya zauna a gabansa yana karanta wasiƙun waziran farko, daga nan ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Mai bincike Jean Boyd ta samu waƙoƙin Nana Asma'u a wannan gida, waɗanda daga baya aka buga su a dunƙule a 1997. Yau hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi, kuma ɗansa Farfesa Sambo Wali Junaidu ya hau kujerar waziranci.

To me ya riƙe wannan gida sama da shekara 200? Abu uku ne a ganina. Ba a daina karatu a zaurensa ba. Ba a raba littattafan an watsar ba. Kuma an bar masu neman sani sun shigo sun kwafa. Gini da kansa ba ya riƙe gadon malami. Gidan da aka daina karatu a cikinsa, ko an shafe shi da siminti, ya riga ya rasa abin da ya sa ake girmama shi.

Yanzu mu dawo ƙofar gidanku. A Balda, nan kusa da Bogo, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya kafa zamansa a farkon shekarun 1880, bayan ya baro Sakkwato ya yi zama a Yola. Malami ne ɗan gidan sarauta, ya karɓi kiran Mahadin Sudan, suka yi musayar wasiƙu, jama'a suka yi ta kwarara zuwa wurinsa. Daga baya ya haɗu da Rabeh, ya koma Dikwa, a can aka kashe shi a 1898. Ɗansa Shehu Sa'idu kuwa Turawan Ingila suka kama shi a 1923, suka kai shi Buea a kudancin Kamaru, kafin a mai da shi Kano. Malamai sun saɓa a kan tafarkin Hayatu tun yana raye, kuma ba hukunci nake yankewa a nan ba. Abin lura shi ne yaƙi da hijira sun tarwatsa jama'arsa, kuma mafi yawan abin da masu tarihi suka riƙe game da shi ya fito ne daga wasiƙu da kuma bakin dattawa. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa, ya yi shekaru yana bin fadojin lamidojin yankin Diyamare yana ɗaukar labarin tsofaffi, ya buga shi. Ba don irin wannan aiki ba, da labarai masu yawa sun bi masu su kabari.

Game da abin da za ku yi, shawarata ku fara da takarda kafin katanga. Ku je gidan liman, da gidan alƙali, da gidajen modibban da aka san kakanninsu da karantarwa, ku je da ladabi, ta hannun dattijon gidan, da sanin Lamiɗo. Kada ku nemi a ba ku komai ku tafi da shi. Ku roƙi izinin buɗe gafaka da adaka a gaban masu su, ku rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da wanda ya kwafe shi, da shekarar idan an sa. Rubutun ajami na Fulfulde da Hausa, da wasiƙu, da takardun shari'a, da salsalar malamai, duk kada a raina su, domin sau da yawa su ne ba su da kwafi a ko'ina. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya a cikin hasken inuwa, ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Manyan abokan gaban takarda su ne gara, da laima, da ɗigar rufi, da ɓera. A ɗaga littattafai daga ƙasa, a nisanta su da bango, a riƙa duba su kafin damina da bayanta. Kada a liƙe tsohuwar takarda da salatif, kada a naɗe ta a leda, domin zafi da gumi suna cinye tawada. Akwai kuma rabon gado, wanda ke sa littafi guda ya rabu gida uku. Maganinsa yana cikin shari'a: magada su yarda a mai da littattafan wakafi, a rubuta, a sa shaidu, a naɗa mai kula.

Shi kuwa ginin ƙasa, yaɓe yake so duk shekara, da gyaran indararo, da magini wanda ya san aikin tubali da azara. Idan ƙarfi bai kai ga gidan duka ba, a ceci zauren da malam yake zama da ɗakin littattafansa. Sannan a mai da karatu cikin zauren, ko da darasi ɗaya ne a mako, ko Ahalari ko Ishmawi ko Risala. Kai malamin makaranta ne, kana da abin da wasu ba su da shi: ɗalibai. Ka raba su, kowa ya je wurin kakansa ko kakarsa ya tambayo wane ne ya karantar da wa, daga ina ya zo, ina ya yi karatu. Idan kun tara abin da ya samu, ku nemi sashen tarihi na Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ya daɗe yana aikin adana rubuce-rubucen hannu, su taimaka da ƙwarewa.

Ka fara da gida ɗaya a wannan rani, kafin ruwa ya sauka. Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya ba ku ikon riƙe amanar da suka bari.