Tsaron Ababen Hawa A Ranar Wasa

Maƙasudin wannan rubutu nawa shi ne in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wata ƙaramar sana'a da yawancinmu muke rainawa, wato ajiye wa 'yan kallo ababen hawansu a ranar wasa. Duk inda jama'a suka taru, dole ne a sami kekuna da babura da motoci, kuma hankalin ɗan kallo ba ya kwanciya sai ya san abin hawansa yana hannu nagari.

Bari mu fara da birnin Kano. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi baƙuncin wasannin cin kofin duniya na matasa a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da kuma na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ita kuwa ƙungiyar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ranar da take da babban wasa a gida, hanyoyin da ke kewaye da filin sukan cushe, kowa yana neman inda zai jingine abin hawansa. Wannan buƙata ita ce tushen sana'ar.

Mu a nan Ajingi ba mu da babban fili irin wannan, amma idan ana gasar ƙwallo tsakanin garuruwa, ko dambe da kokawa bayan kaka, mutane sukan zo daga Toranke da Balare da Gafasa, har ma daga Gaya, yawancinsu a kan babura. A ganina, wanda zai shiga wannan aiki yana buƙatar abubuwa huɗu.

Da farko dai, izini. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa kula da kasuwanni da tashoshin mota a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Don haka ya kamata a sanar da ita, a kuma nemi yardar mai filin da dagaci. Wanda ya tare gefen titi kawai yana karɓar kuɗi da tsawa, ya shiga haƙƙin jama'a.

Abu na biyu, wuri. A nemi sarari kusa da filin, a kewaye shi da igiya, a bar ƙofa ɗaya tak. A ware layin kekuna daban, na babura daban, don kada mai son tafiya da wuri ya rasa hanyar fita.

Na uku, shaida. A yanka kati biyu masu lamba ɗaya, a ɗaura ɗaya a jikin babur, a ba mai shi ɗaya, a kuma rubuta lambar babur ɗin a littafi. Ba a sakin abin hawa sai katunan sun dace. Wanda ya yar da nasa ya jira har jama'a su watse, ya kawo wanda ya san shi.

Na huɗu, lissafi. Ga misali: a ce an ajiye babura 150 a kan naira 100 kowanne, an sami naira 15,000 ke nan. Idan aka fitar da 3,000 ta mai fili da hukuma, da 2,000 ta kati da igiya, saura 10,000, sai samari biyar su sami 2,000 kowannensu. To, amma ya kai mai karatu, ka kwatanta wannan da kuɗin babur guda. Idan ɗaya ya ɓace saboda masu tsaro sun tafi leƙen wasa, ribar shekara ba za ta biya shi ba. Mai yiwuwa kuma da shi wani magidanci yake kai hatsi kasuwa, yake kai iyalinsa asibiti. Saboda haka mai wannan aiki sai ya haƙura da kallo, ko da ihun cin ƙwallo ya cika gari.

Akwai wani abin lura kuma, wasa ba kullum ake yin sa ba, da damina ma sai ya yi ƙaranci. Mai hankali zai haɗa da ranar kasuwa da ranar hawan salla, ya kuma riƙa ajiye wani abu don kuɗin littattafai da na jarrabawa.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana da mu riƙa gwada irin wannan a lokacin hutu, da sanin iyayenmu, ba tare da ya taɓa karatunmu ba. Babu maraya sai rago. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.