Kafin kwamiti ya buɗe ambulan 'yan kwangila

Aikina shi ne zama da kwamitoci da ƙungiyoyin manoma idan za su sayi kayan aiki masu tsada, in taimaka musu su gane abin da suke so kafin kuɗi ya fita. Akwai tambayar da nake hana yi a zaman: "Tsakanin farashi da inganci, wanne ya fi muhimmanci?" Kowa zai ce inganci, don ba mai son a kira shi marowaci. Ranar biya kuma sai a ɗauki mai araha. Ba ƙarya suka yi ba, tambayar ce ba ta da kai.

A ce ƙungiya za ta sayi injin ban-ruwa, tana duba farashi, shan mai, ƙarko da samun kayan gyara a kusa. Idan tazarar da ke tsakanin mafi tsada da mafi araha naira dubu 20 ce, farashi bai isa a ɓata lokaci a kansa ba. Idan dubu 300 ce, magana ta canza. Ashe nauyin kowane ma'auni yana tafiya ne da girman tazararsa. Ralph Keeney, masanin fannin yanke shawara a Amurka, ya yi kashedi a littafinsa na 1992 cewa ba wa ma'auni nauyi ba tare da duba tazarar ba shi ne babban kuskuren da aka fi tafkawa.

Don haka ga yadda nake tambaya: "Alhaji, an kawo maka injin da ya fi kowanne tsada, ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa, kayan gyaransa sai Legas. An ce ka gyara abu ɗaya tak, ka ɗaga shi daga mafi muni zuwa mafi kyau. Wanne za ka taɓa?" A nan ake yin shiru, a fara lissafi da yatsu. Mutumin da ya rantse da ƙarko sai ka ji ya ce kayan gyara, don ya san injin da ya tsaya kwana biyar a tsakiyar rani ya kashe tumatir. Wannan zaɓi mu ba shi maki 100, sauran a auna su da shi: rabinsa ne, ko kwata?

Akwai kuma hanyar Thomas Saaty da ya ɓullo da ita a shekarun 1970: a riƙa gwada ma'aunai bibbiyu, da maki daga 1 zuwa 9. Amfaninta, tana kama tufka da warwara. Wanda ya fifita mai a kan farashi, ya fifita farashi a kan ƙarko, sannan ya dawo ya fifita ƙarko a kan mai, lissafin zai tona shi. Sai dai ma'aunai 4 tambaya 6 ne, ma'aunai 10 kuwa tambaya 45. Kafin a kai rabi mutane sun gaji, suna amsawa ne kawai don a tashi kafin azahar. Ni ban cika amfani da ita ba idan ma'aunan sun yi yawa.

Kowace hanya aka bi, shugaban kwamiti ya yi haƙuri, shi ne na ƙarshe a magana. Da ya fara, sauran "haka ne, ranka ya daɗe" za su bi. Kowa ya rubuta nasa a ɓoye tukuna.

Nauyin ma yana tsufa. Wanda aka auna kafin cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ba zai yi aiki yau ba.

Dokar sayen kayan gwamnati ta Najeriya ta 2007 ta wajabta a bayyana ma'aunan tantancewa tun a takardar neman tayi. Ƙungiyarku ko ba ta gwamnati ba ce, ku yi koyi da hakan: ku rubuta nauyin kowane ma'auni, kowa ya sa hannu, sannan a buɗe ambulan. In an buɗe kafin nan, za a ɗinka ma'aunin ne daidai jikin ɗan kwangilar da ake so.