Ciwon Lupus da Juna Biyu: Kada Ki Ajiye Maganinki

'Yar'uwa, lupus ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓi, fata, har da ƙoda. Mata ya fi kamawa.

Wasu da zarar sun samu ciki sai su ajiye magani don tsoron kada ya taɓa jariri. Kuskure ne. Binciken asibitin Johns Hopkins na Amurka da aka wallafa a 2006 ya nuna masu cikin da suka daina shan hydroxychloroquine ciwon ya fi tasar musu.

Amma methotrexate da mycophenolate suna iya nakasa jariri, don haka likita ke canza su tun kafin a ɗauki ciki. Idan ƙafafunki suka kumbura ko fitsarinki yana kumfa, ki zo asibiti nan take, kada ki jira ranar awo.