Kuɗin cizo da injin zuƙe ƙura

Sabha babban gari ne a yankin Fezzan, kudancin Libiya. Hausawa da yawa suna zaune can. Wasu ta Agadas da Dirku suka bi. Baƙi sukan taru ɗaki ɗaya, katifa kusa da katifa. Nan kuɗin cizo yake samun wurin zama.

Kuɗin cizo ɗan ƙwaro ne ja-ja mai ƙafa 6. Da rana yana ɓuya cikin ɗinkin katifa da tsagar gado. Da dare ya fito ya sha jinin mai barci. Yaron da ya kwana yana susa, ina zai gane karatu da safe?

Wasu gidaje suna da injin zuƙe ƙura. Ana bin ɗinkin katifa da siririn bakinsa, sannu sannu. Ƙwan yana mannewa, sai an fara gogewa da buroshi. Injin ba ya kashe ƙwarin, suna nan da rai cikin cikinsa. Sai a juye su cikin leda, a ɗaure tam, a kai juji. Zannuwa kuwa a wanke su da ruwan zafi. Bayan kwana 10 a sake, domin ƙwan da ya saura ya ƙyanƙyashe.

Tambaya: Don me ake ɗaure ledar?