Yadda Ɗaliban Ƙasar Sin Su Ke Koyon Turanci

Kowace shekara, ran 7 ga watan Yuni, a kan fara wata babbar jarrabawa a ƙasar Sin wadda su ke kira Gaokao. Ita ce ƙofar shiga jami'a, kuma da makin da yaro ya ci a cikinta a ke duba wace jami'a za ta karɓe shi, ko kuwa ba za a karɓe shi ba sam. A shekarar 2024 ɗalibai miliyan 13 da dubu 420 suka ba da sunayensu. A yawancin lardunan ƙasar jimlar maki 750 ne, daga ciki kuwa 150 na harshen waje ne, daidai da na lissafi, daidai da na Sinancin kansa. An yarda yaro ya zaɓi Rashanci, ko Japananci, ko Faransanci, ko Jamusanci, ko Sifaniyanci, amma mafi yawansu Turanci su ke ɗauka. Watau ɗan manomin da bai taɓa yin magana da Bature ba, kashi ɗaya cikin biyar na rabonsa yana rataye da wata takardar Turanci ta awa biyu.

Wannan al'amari ya cancanci hakimai da malamansu su dube shi, domin su ma kullum ga wasiƙa da rahoto cikin Turanci bisa teburinsu. Waɗansu wuraren da yaran Sin su ke tuntuɓe, nan ne Bahaushe ma ya ke tuntuɓe. Waɗansu kuwa Bahaushe ya kan ƙetare su bai ko san akwai rami ba.

Tun 1862 aka buɗe makarantar tafintoci ta gwamnati a birnin Beijin, inda aka fara da Turanci. Bayan 1949 Rashanci ya danne shi, don abutar da ke tsakanin ƙasashen biyu a lokacin. A 1964 aka mayar da Turanci shi ne harshen waje na farko a makarantu, amma bayan shekara biyu hargitsin siyasa ya tsai da karatu, har jarrabawar shiga jami'a ma ba a sake yin ta ba sai 1977. A 2001 Ma'aikatar Ilmi ta ba da umurni a riƙa fara Turanci daga aji uku na firamare. Tun da ya ke firamare shekara shida ce, ƙaramar sakandare uku, babbar sakandare uku, yaro ya kan shekara goma yana fama da Turanci kafin ranar jarrabawa. Sai dai a tuna, shi a darasi ɗaya kaɗai ya ke gamuwa da harshen. Lissafi da tarihi da kimiyya duk da Sinanci a ke koya masa, ba kamar ɗalibin Nijeriya ba wanda ya ke wuni cikin Turanci.

NAHAWU

Babbar wahalar ita ce wannan: Turanci ya kan tilasta wa mai magana ya sa alama a kan abubuwan da Sinanci ya ke bar wa hankalin mai sauraro.

A fara da fi'ili, watau kalmar aikatawa. A Sinanci fi'ili ba ya sake kama ko kaɗan. In Basine zai ce wani ya tafi makaranta jiya, sai ya ce "ta zuotian qu xuexiao", kalma da kalma: shi, jiya, tafi, makaranta. In gobe ne za shi, sai ya cire "jiya" ya sa "gobe", sauran duk suna nan yadda su ke. Akwai dai waɗansu 'yan kalmomi, kamar "le" da "guo", masu nuna aiki ya kammala ko an taɓa yin sa, amma jikin fi'ilin ba a taɓa shi. To, yaron da ya tashi da wannan, rana ɗaya a ce masa "go" ya kan koma "goes", da "went", da "gone", da "going", kowanne da gurbinsa, lalle ya ga abin kamar ɓarnar tawada. Shi ya sa ya ke rubuta "He go to school yesterday", a ganinsa ai "yesterday" ta riga ta gama bayani. Malamin hakimi ba zai yi masa dariya ba, gama a Hausa ma lamiri ne ke ɗauke da lokaci: ya tafi, zai tafi, ya kan tafi, "tafi" kuwa tana tsaye wuri guda.

Haka kuma jam'i. Sinanci ba ya sake suna don ya nuna yawa. Littafi ɗaya "yi ben shu" ne, uku kuwa "san ben shu", ita "ben" ɗin tana aiki kusan irin na "guda" a Hausa. Saboda haka ɗan harafin "s" na ƙarshen kalma ya kan ɓace wa yaransu. Hausa tana da jam'i iri iri, har ta fi Turanci, amma wurin ƙidaya a kan ce shekara uku, kwana goma, buhu ashirin, don haka "three year" da "twenty bag" ba baƙi ba ne a takardun ofis.

Sa'an nan ga "a" da "the", waɗanda babu irinsu a Sinanci. Waɗannan 'yan kalmomi biyu su ne su kan bi ɗalibi har jami'a, domin ba su da wata ƙa'ida guda da za a haddace a huta. Mutum sai ya yi ta ganinsu cikin karatu har idonsa ya saba.

Akwai wuri biyu inda Bahaushe ya fi Basine sa'a. Na farko, a bakin Sinawa "shi" da "ita" duk "ta" ne. A rubuce sun bambanta, amma a furuci ɗaya ne, don haka yaro ya kan fara labarin uwarsa da "she", kafin ya kai ƙarshe ta koma "he". Bahaushe kuwa tun yana goye ya ke rarrabe "ya" da "ta". Na biyu, duk maganar da ke siffanta suna, Sinanci a gabansa ya ke jera ta. "Littafin da na saya jiya" a wurinsu shi ne: ni, jiya, saya, sa'an nan wata 'yar kalma "de", kana littafi. Turanci ya bi hanyar Hausa, suna tukuna, bayani ya biyo baya da "which" ko "who" ko "that". Wannan babi ya kan ci wa malamansu lokaci mai yawa a babbar sakandare, domin doguwar jimlar Turanci sai yaro ya birkita ta a ransa kafin ya gane ta.

Ga kuma kuskure biyu da su ke kamar tagwaye a harsunan biyu. Basine ya kan haɗa "suiran" da "danshi" cikin jimla ɗaya, kamar yadda a ke cewa "ko da ya ke ya gaji, amma ya gama aikin". Turanci bai yarda "although" da "but" su zauna tare ba, sai dai a ɗauki ɗaya. Ɗayan kuskuren ya fi haɗari. In an tambayi Bahaushe, "Bai biya ba?" ya kan ce, "I, bai biya ba." Basine ma haka. Bature kuwa "No" zai ce, don shi aikin ya ke duba, ba maganar mai tambaya ba. Malamin da ke yin tafinta a gaban shari'a, ko wurin binciken kuɗi, in ya sa "Yes" a nan ya juya shaidar mutum ƙafa sama.

KALMOMI

Manhajar 2003 ta jera kalmomi wajen 3,500 waɗanda a ke so mai gama sakandare ya sani. Ta 2017 ta mayar da su 3,000. Ba su da yawa in an gwada da abin da ke cikin ƙamus, amma a wurin yaron Sin kusan kowace ɗaya baƙuwa ce. Harshensu bai cika aron kalma ba. Akwai 'yan kaɗan, kamar "kafei" da ta fito daga sunan kofi, amma ba su da irin tarin da Hausa ta ara, su mota, da tebur, da ofis, da asibiti. Su al'adarsu ƙera sabuwar kalma daga tsofaffi. "Dian" lantarki ne. Tarho "maganar lantarki", sinima "inuwar lantarki", kwamfuta "ƙwaƙwalwar lantarki". Daidai da yadda aka sami jirgin ƙasa, da jirgin ruwa, da jirgin sama daga jirgi guda. Yaron da ya saba kalma ta gaya masa ma'anarta da kanta, in ya zo ga Turanci sai ya ga kamar duwatsu ne aka zube, ba mai kama da wani.

Maganin da malamansu su ke ba da shi, shi ne su nuna masa Turanci ma yana da dangi. Wanda ya san "act" ya kusa sanin "action", da "active", da "activity". Wanda ya san "un" a gaban kalma tana kore ta, "ful" a bayanta tana cika ta, ya sami kalmomi da yawa a farashin ɗaya. Kana a koya masa kada ya haddace kalma ita kaɗai, sai da abokiyar tafiyarta. Basine "cin" magani ya ke yi, Bahaushe "sha", Bature kuwa "take". Basine "buɗe" fitila ya ke yi, har ya rubuta "open the light". Ƙamus ba ya hana irin wannan, don kowace kalma daidai ta ke, haɗin ne bai yi ba.

Hadda dai ba su raina ta ba. A makarantu da yawa akwai karatun safe kafin darasin farko, inda aji duka za su ɗaga murya kowa yana biya nasa, har wanda ya wuce ta bakin taga ya ce ko makarantar allo ce. Ɗalibai da yawa kuma suna da littafi na musamman inda su ke kwafe kowane kuskure da suka yi, da gyaransa, da dalilin gyaran, su riƙa bitarsa. Wannan dabara ba ta bukatar kome sai littafin rubutu ɗaya da rashin jin kunyar kai, kuma kowane malamin ofis yana iya yin ta da wasiƙun da aka komo masa da su da jan alƙalami.

KARATU

Shekaru da yawa a kan zargi makarantun Sin da fid da masu "Turancin bebe", watau waɗanda suka san ƙa'ida kamar alƙalai, amma ba su iya buɗe baki, ba su kuwa iya karanta shafi guda ba tare da ƙamus ba. Hukuma ta lura da cewa abin da jarrabawa ta tambaya shi malami zai koyar, don haka ta can aka ɓullo wa gyaran. A sabuwar takardar da larduna da yawa su ke amfani da ita, saurare yana da maki 30, karatu da fahimta 50, aiki da harshe 30, rubutu 40. Nahawu ba a tambayarsa jimla jimla a warwatse. A kan ba da labari ne mai gurabu goma, yaro ya cike kowane gurbi da siffar kalmar da ta dace, abin da ba ya yiwuwa sai ya fahimci labarin. Akwai kuma wani sashe inda a ke cire jimla biyar daga cikin bayani, a kawo bakwai, a ce ya mai da kowace ɗaya mazauninta, biyu su yi saura. Wanda ya ke fassara kalma kalma ba ya cin wannan, sai mai bin zaren magana.

Rubutu kashi biyu ne. Na farko gajeriyar takarda ce ta kalma wajen 80, sau da yawa wasiƙa, da sunan wani yaro na ƙage wai shi Li Hua, wanda ya shekara da shekaru yana aika wa abokansa na ƙasashen waje wasiƙu bai taɓa gama sakandare ba. Na biyu lardin Zhejiang ne ya fara shi a 2016: a ba yaro labari a yanke shi a tsakiya, a ba shi jimlar farko ta sakin layi biyu, ya ƙarasa da kalma wajen 150. Nan haddar insha'i ba ta da amfani, tun da ba wanda ya san labarin da zai fito. Don haka manhajar 2017 ta ce ɗalibi ya karanta aƙalla kalma 1,500 kowane mako ban da littafin aji, watau kamar shafi huɗu ko biyar, abin da a ke so kuwa shi ne ya wuce kalmar da bai sani ba, ya cinko ma'anarta daga maƙwabtanta. Magana da baki ita ce har yanzu a baya, ko da ya ke birnin Beijin tun 2021 ya sa ta cikin maki, ana gwada ta da kwamfuta tare da saurare.

Gyaran nan yana da nasa nauyi. Jarrabawar da ta dogara ga yawan karatu ta fi yi wa ɗan birni daɗi, mai littattafai a gida da malami gwani, bisa ga ɗan ƙauye wanda hadda ce kaɗai makaminsa. Masu hali kuma su kan biya kuɗin darasi bayan an tashi makaranta, har a watan Yuli na 2021 gwamnati ta ƙuntata wa kamfanonin da ke wannan sana'a don riba. A wannan shekara ce kuma wani wakili a majalisar ba da shawara ta ƙasa ya nemi a fid da Turanci daga manyan darussa, yana ganin na'urar fassara ta isa, kuma mafi yawan masu gama makaranta ba su aiki da shi. Ba a karɓi shawarar ba. Manhajar 2022 ta ba harshen waje kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na lokacin darussa a firamare da ƙaramar sakandare, Sinanci kuwa kashi 20 zuwa 22, amma a jarrabawar shiga jami'a aka bar kowannensu da makinsa 150.