Darasin Lafiya: Burbushin Roba Cikin Man Girki

Jama'a, roba ba ta ruɓewa. Rana da zafi ke marmashe ta, ta zama burbushin da ido ba ya gani. Gorar roba da ta sha rana a kasuwa takan saki wannan burbushi cikin man gyaɗa ko manja, mu kuwa mu ci.

A shekarar 2024 likitoci a Italiya sun gano cewa masu burbushin roba a jijiyar jinin wuya sun fi samun ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Uwargida, kada ki juye mai da zafinsa cikin roba. Bari ya huce, ki zuba a kwalba, ki ajiye a inuwa. Tsohuwar gorar da ta koɗe kuwa, ta gama aiki.