Kuɗin Rainon Yara a Gida: Ranar Fashi da Ranar Hutu

A biranen Nijeriya, tun daga Legas har Maiduguri, akwai mata da dama waɗanda suka keɓe ɗaki ɗaya ko biyu a gidajensu don rainon 'ya'yan ma'aikata. Uwa takan kawo ɗanta da misalin ƙarfe bakwai na safe, ta wuce ofis, ko asibiti, ko makaranta, ko kasuwa, sa'an nan ta biyo ta ɗauke shi bayan la'asar. Sana'a ce mai amfani ga ƙasa, domin da ba don ita ba da mata masu yawa sun ajiye aikinsu. Amma akwai abu guda da ya fi kome raba mai raino da iyayen yara, kuma ba duka ba ne, ba ƙazanta ba ce. Tambaya ce ƙarama: ranar da yaro bai zo ba, za a biya ko ba za a biya ba?

Ga yadda rikicin yakan taso. Wata ya ƙare, uwa ta miƙa kuɗi sun gaza yadda aka saba. Mai raino ta ƙirga, ta ce, "Maman yaro, ai kuɗin ba su cika ba." Ita kuwa ta amsa, "Haba Hajiya, kin manta mun yi kwana tara a gida wajen bikin Salla? Na cire na kwanakin ne." Kowace a cikinsu tana ganin ita ce da gaskiya, kuma babu wadda ta yi niyyar cutar 'yar'uwarta. Laifin yana ga ranar farko, lokacin da kunya ta hana su tsai da magana. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

ABIN DA KUƊIN KE SAYE

Kafin a yanke kowace ƙa'ida, wajibi ne a gane abin da iyaye ke biya. Galibinsu suna zaton ladan wunin da yaro ya yi ne kawai. Ba haka ba ne. Mai raino tana da iyakar yaran da za ta iya kulawa da su, gwargwadon girman ɗakinta da yawan hannuwan da ke taimaka mata. Idan ta karɓi shida, to ta mai da na bakwai. Saboda haka abin da uwa ta kama gurbi ne, kamar yadda mai haya ke kama ɗaki. Mutumin da ya kulle ɗakin hayarsa ya tafi ƙauye ya yi wata guda ba ya dawowa ya ce a rage masa, domin mai gida bai sami ikon sa wani a ciki ba.

Lissafi zai fi bayyana wannan. A ƙaddara wata mai raino tana da yara shida, kowane ana biya masa Naira 20,000 a wata, watan kuma yana da ranakun aiki 20. Wato Naira 1,000 ke nan a wuni, jimlar wata Naira 120,000. A ƙaddara kuma a cikin kowace Naira 1,000, Naira 300 ce ke tafiya a abinci da sabulu da ruwa, abubuwan da ba a kashe musu kome in yaro bai zo ba. Sauran na haya ne, da wuta, da albashin mai taimako, da ladan wahalar ita mai gidan.

To, watan Salla ya kama. An ba da hutun kwana biyu, duk yara shida suna gida: Naira 12,000 ta tafi. Uku daga cikinsu iyayensu sun ƙara kwana biyar a garinsu: wata Naira 15,000. Ɗaya ya yi zazzaɓi kwana huɗu: Naira 4,000. Idan wuni-wuni ake biya, an zabge mata Naira 31,000, ta tashi da Naira 89,000. Abin da ta rage kashewa a abinci kuwa Naira 9,300 ne kacal. Mai gida bai rage haya ba, mai taimako tana jiran albashinta cikakke, ga shi kuma watan ne da ita kanta ta fi bukatar kuɗi. Mai raino da ke tafiya a kan wannan tsari ba ta daɗewa: ko dai ta rufe, ko ta cusa yara fiye da ƙima don cike giɓi, kuma na biyun ya fi na farkon haɗari ga yaran.

Domin haka tsarin da ya fi dacewa shi ne biyan wata-wata, a farkon wata, kuɗi ƙayyadaddu, ko yaro ya zo ko bai zo ba. Mai son biyan wuni-wuni a bar masa, amma a kan farashi mafi tsada, kuma ya sani ba a ajiye masa gurbi ba. Ranar da wuri ya cika sai ya yi haƙuri.

Sai dai nauyin ba a kan iyaye kaɗai yake ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wadda ta karɓi kuɗin gurbi ba ta da ikon ba wani yaro wurin don ta ga mai shi ya yi tafiya, kuma ba ta da ikon rufe ƙofa ranar aiki don ta tafi suna ko biki ba tare da sanarwa ba.

HUTUN GWAMNATI

Ranakun hutu na ƙasa sanannu ne, don haka su suka fi sauƙin shiryawa. Akwai 1 ga Janairu, da Juma'a da Litinin na Ista, da Ranar Ma'aikata 1 ga Mayu, da Ranar Dimokuraɗiyya wadda aka mayar 12 ga Yuni tun daga 2019, da Ranar 'Yancin Kai 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Ga kuma Ƙaramar Salla da Babbar Salla, waɗanda akan ba kowace kwana biyu, da ranar Mauludi. Jimla kwana 13 ne ko kusa da haka. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya ce ke sanar da su, jihohi kuma sukan ƙara nasu, kamar hutun sabuwar shekarar Musulunci da wasu jihohin Arewa ke bayarwa. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma ganin wata ne ke tsai da Salla, bai kamata a rubuta kwanan wata a yarjejeniya ba. A rubuta kawai cewa gidan raino zai rufe a duk ranar da gwamnati ta ayyana hutu.

Waɗannan ranaku ba a cire kuɗinsu. Ma'aikaciyar gwamnati ko ta kamfani da ke karɓar albashin wata ba a yanke mata kome don an yi hutun Kirsimeti, saboda haka ba adalci ba ne ita ta yanke wa wadda ke riƙe mata ɗa. Akwai kuwa iyayen da hutu bai shafe su ba: ma'aikatan jinya, da 'yan sanda, da masu aikin gidan rediyo, da 'yan kasuwa. Idan mai raino ta yarda ta karɓi ɗan irin waɗannan ranar hutu, aikin ƙari ne, ladansa daban, kuma a faɗi adadinsa tun da wuri.

DOGUWAR TAFIYA

Nan ne maganar ta fi wuya, kuma nan ne mai raino ya kamata ta sassauta. Hausawan da ke zaune a Agege ta Legas, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, idan suka tashi zuwa gida Salla ba kwana biyu suke yi ba. Hanya kaɗai takan ci wuni guda ko fiye, tafiyar kuma takan kai mako biyu ko uku. Maƙwabtansu 'yan Kudu da ke aiki a Kano ko Kaduna haka suke yi a watan Disamba. Malaman makaranta suna da dogon hutun ƙarshen shekarar karatu. Uwar da ta sake haihuwa kuma takan riƙe babban ɗanta a gida muddin tana hutun jego, wanda Dokar Ƙwadago ta 1974 ta sa mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, Jihar Legas kuwa ta kai shi wata shida ga ma'aikatanta a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019.

Neman cikakken kuɗin wata biyu ko uku alhali yaro yana gida abu ne da iyaye kaɗan za su iya ɗauka, kuma sau da yawa ƙarshensa su janye yaron gaba ɗaya, mai raino ta rasa duka. Yafe kuɗin ɗungum kuma ya koma kan asarar da aka lissafa a baya. Hanyar tsakiya ita ce kuɗin riƙon gurbi. Fashin da bai wuce mako guda ba a biya shi cikakke. Wanda ya wuce haka, idan an sanar tun mako biyu kafin tafiya, a biya rabin kuɗi na kwanakin da suka haura makon farko. Wanda bai son biyan ko rabin yana da zaɓi: ya saki gurbin, in ya dawo ya tarar da wuri a karɓe shi, in bai tarar ba ya jira. Wasu masu raino sukan ba kowane yaro mako biyu a shekara da ba a biya, iyaye su zaɓi lokacin da suke so. Wannan ma tsari ne mai kyau, muddin an riga an lissafa shi a cikin farashin wata.

RASHIN LAFIYA

Game da ciwo, ba kuɗi kaɗai ake dubawa ba. Uwar da ta san za ta biya ko yaro ya zo ko bai zo ba, kuma ga mai gidan aikinta yana jiranta, takan ba shi maganin zazzaɓi da asuba ta kawo shi, ta yi shiru. Ƙyanda tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, har kwana huɗu bayan fitowarsu, kuma ɗaki guda mai yara shida ba ya bukatar fiye da wuni ɗaya. Haka ƙarambau, da gudawa, da ciwon ido. Don haka ƙa'idar da ta tsananta a nan tana iya jawo wa mai raino asarar da ta fi kuɗin mako guda nesa ba kusa ba.

Abin da ya dace shi ne a bambanta. Ciwon kwana ɗaya ko biyu ba ya taɓa kuɗi. Amma idan cuta ce mai yaɗuwa, wadda mai raino da kanta ta ce a riƙe yaro a gida, ko kuwa an kwantar da shi a asibiti, to a cire wa iyaye kuɗin abinci tun daga ranar farko, bayan mako guda kuma a koma rabi. Uwar da ta faɗi gaskiya ta kare 'ya'yan mutane, bai kamata ta ji an hukunta ta ba.

IDAN MAI RAINO CE TA RUFE

Ita ma mutum ce. Takan yi ciwo, takan haihu, akan yi mata rasuwa, wata shekarar ta sami kujerar Makka. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa, kuma wadda aka ɗauka aiki don taimako a gidan raino ta cancanci nata. Mai gidan kuwa ba ma'aikaciyar kowa ba ce, babu wanda zai ba ta hutu sai ta yanka wa kanta. Ya dace ta ware mako ɗaya ko biyu a shekara, ta sanar tun wata guda kafin lokaci, ta kuma daidaita shi da lokacin da yawancin yara ba sa nan.

Duk rufewar da ta wuce wannan, iyaye ba su da nauyin biya, domin ranar nan dole su nemi wani wurin su sake kashe kuɗi, ko uwa ta yi fashin aiki. A mai da musu kuɗin kwanakin, ko a cire daga na wata mai zuwa, sai fa in mai raino ta tsai da wata amintacciya wadda iyaye suka sani kuma suka yarda da ita. Kwana uku na zaman makoki galibin iyaye ba sa ƙirgawa, kuma hakan ya yi kyau, amma kyauta ce daga gare su, ba haƙƙi ba ne da za a nema.

Akwai kuma rufewar da ba laifin kowa ba. A watan Maris na 2020 an rufe makarantu a faɗin ƙasa saboda annobar korona, daga 30 ga watan kuma aka hana fita a Legas da Abuja. Ambaliya ko dokar hana fita na iya jawo irin haka a kowane gari. Tun da asarar ta faɗa wa ɓangarorin biyu, raba ta ya fi: watan da aka riga aka biya ya tsaya yadda yake, daga nan kuma sai kuɗin riƙon gurbi ga wanda ke so.

A SA A TAKARDA

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta yi tanadin rajistar masu rainon yara, kuma mai wannan sana'a ya kamata ta tuntuɓi ma'aikatar harkokin mata ta jiharta don sanin abin da ake bukata a wurinta. Batun kuɗi kuwa yarjejeniya ce tsakaninta da iyaye, kuma yarjejeniyar baka ba ta da shaida ranar da aka saɓa. Ba a bukatar lauya. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ko da harshen da duka biyun ke ji, a rubuta kuɗin wata da ranar biya, da lokacin kawo yaro da na ɗaukarsa, da hukuncin kowane irin fashi da aka ambata, da kuma sanarwar wata guda ga duk wanda ke son janyewa ko ƙara farashi. Uba da uwa su sa hannu in da hali, don kada gobe wanda ke fitar da kuɗin ya ce bai san da maganar ba. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban shaida, ya dangwala yatsa. Kowa ya riƙe kwafe ɗaya.

Wadda ta riga ta fara sana'ar ba tare da takarda ba kada ta fito da sabuwar ƙa'ida a tsakiyar wata, ballantana ana jibi Salla. Ta tara iyayen, ko ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna musu lissafinta, ta ba su wata guda kafin tsarin ya fara aiki. Ƙa'idar ta hau kan kowa daidai, har ɗan ƙanwa da ɗan maƙwabciya. In tana son yi wa wani rangwame don zumunci ko don rashin hali, ta rage masa farashin wata, amma hukuncin fashi ya zama ɗaya. Ta kuma ajiye littafi guda inda za ta riƙa rubuta zuwan kowane yaro da fashinsa kullum, da abin da aka biya, da sa hannun wanda ya kawo kuɗin.